Nas ɗin soja da duba majinyaci da ido da hannu

Duk lokacin da aka tashi maganar aikin jinya a soja abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne ɗaure rauni, tsaida jini, a sunkuci wanda aka harba a sa shi mota a gudu. Duk gaskiya ne. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai wani abu ne da ba shi da armashin kallo, wato nas ta tsaya kan mutum ta dube shi da idonta, ta taɓa shi da hannunta, ta ƙwanƙwasa ƙirjinsa ta saurara, sannan ta iya cewa wannan bawan Allah ba lafiya ba kuma ga inda matsalar take. Na ce "ta" ne don sauƙin magana kawai, maza da yawa suna wannan aikin, balle a soja. Wannan ƙwarewar ana koyar da ita a makarantar jinya, kowa ya yi jarrabawarta ya ci, amma ka je bayan 'yan shekaru da fara aiki ka ga abin da ya rage a hannu. Kaɗan ne wallahi. A babban asibiti za a iya lallaɓawa a haka, tunda ga likita a kusa, ga ɗakin hoto, ga lab. A soja kuwa ranar da aka tura ka wani sansani mai nisa da komai, wannan kaɗan ɗin da ya rage shi ne kaf abin da majinyacinka zai samu.

Ba zato nake yi ba. A 2007 wata malamar jinya a Amurka mai suna Jean Giddens ta tambayi nas-nas 193 kan dabarun duba jiki guda 126 da ake koyarwa a makaranta, wanne ne kuke yi a kai a kai? Sai ga shi guda 30 ne kawai ake yi yau da kullum, kuma yawancinsu kallo ne da ido. Wasu sun karanta wannan suka ce ashe ana cika wa ɗalibai kai da abin da ba za su yi amfani da shi ba, a rage. Ga nas ɗin da za ta ƙare aikinta a ɗaki ɗaya na asibiti ɗaya, wataƙila akwai gaskiya a ciki. Amma nas ɗin soja ba ta san inda za ta kwana wata mai zuwa ba. Yau tana asibitin bariki tana awon ciki wa matan sojoji, gobe siginal ta fito an tura ta inda ita ce mafi ilimin lafiya a tazarar tafiyar awanni, kuma duk abin da ta daina yi da hannunta tun makaranta ba zai dawo mata don an canza mata wuri ba.

To me ya sa soja ya zama majinyaci na daban? Abu na farko jikinsa ne. Yawanci matashi ne mai ƙarfi, kullum cikin gudu da atisaye, zuciyarsa ta ƙware. Jikin babban mutum na ɗauke da jini kusan lita 5, kuma irin wannan matashin zai iya zubar da kusan kashi 30 cikin ɗari na jinin kafin awon jininsa ya fara sauka, saboda jijiyoyin sun matse, zuciya ta ƙara gudu, jiki na ta ƙoƙarin rufe asiri. Wanda ya dogara da lambar da injin awo ya nuna zai rubuta "lafiya lau" a takarda alhali mutum na zubar da jini a cikin ciki. Abin da zai tona asirin tun da wuri hannu ne da ido. Tafin hannunsa ya yi sanyi da danshi, bugun jijiyar wuyan hannu ya zama siriri mai sauri, ka danna farce ka saki jinin bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, numfashi ya ƙaru, ya fara rashin natsuwa yana neman ruwa yana faɗin abin da ba kan gado. Akwai ma wani abu da mutane ke mantawa, sojan da ya saba gudu bugun zuciyarsa na hutu yana iya zama 50 a minti, to in ka same shi a 90 ka ce ai yana tsakanin 60 da 100 babu damuwa, ka yi kuskure, domin a wurinsa ya kusa ninkawa. Shi ya sa ake kwatanta bugun zuciya da lambar sama ta awon jini, in bugun ya kamo ta ko ya wuce ta to a tashi tsaye.

Abu na biyu halinsa ne. An horar da shi ya daure, kuma yana jin kunyar a ce ya cika raki, yana tsoron a cire shi daga cikin abokan aikinsa ko a hana shi kos ɗin da zai kai shi ga ƙarin girma. Ka tambaye shi ina ke ciwo ya ce ba komai oga. Bakinsa ya ce ba komai amma yadda ya shigo yana taka ƙafa ɗaya a hankali, yadda ya kwanta ya naɗe gwiwa ya ƙi motsi, yadda tsokar cikinsa ta ƙame da ka ɗora hannu, duk sun riga sun ba ka amsa. Akwai kuma na ɗaya ɓangaren, wanda ya zo layin marasa lafiya da safe don yana neman hutun fareti, kuma nas ɗin da ba ta iya duba jiki ba sai ta koma hukunci da zato, yau ta kori mai ciwon gaske gobe ta ba mai ƙarya takarda. Wannan abu yana ɓata min rai sosai, domin da zarar sojoji sun gane ba a duba su da gaske sai masu ciwon gaske su daina zuwa.

Injunan ma fa ba kullum suke faɗin gaskiya ba. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, in hannu ya yi sanyi ko jini ya yi ƙasa ko mutum na karkarwa sai ya ba da lambar banza ko ya ƙi karantawa gaba ɗaya, wato daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ga kuma maganar launin fata. A watan Disamba na 2020 masu bincike na jami'ar Michigan suka fitar da sakamako cewa cikin majinyatan da injin ya nuna iskar jininsu ta kai 92 zuwa 96 cikin ɗari, kashi 11.7 na baƙaƙen fata a zahiri iskar jininsu ta yi ƙasa da 88, a fararen fata kuwa kashi 3.6 ne. Sama da ninki uku kenan. Sannan littattafan koyarwa da yawa hotunansu na farar fata ne, za su ce maka fata za ta yi shuɗi ko ta yi fari fat, a baƙar fata kuwa sai ka buɗe baki ka dubi harshe da cikin leɓe, ka ja fatar ido ka duba cikinta, ka dubi tafin hannu da farce. Wanda bai saba kallon waɗannan wurare a jikin masu lafiya ba, ba zai gane ranar da suka canza ba.

Wani abin da ke ba ni sha'awa shi ne yawancin waɗannan dabaru suna da tushe a yaƙi ko kusa da shi. Ƙwanƙwasa ƙirji a saurari amon, wani likita ne a Biyana mai suna Auenbrugger ya rubuta shi a 1761, aka yi watsi da shi, sai likitan Napoleon, Corvisart, ya farfaɗo da shi a 1808. Abin sauraren ƙirji wani likita mai suna Laennec ne ya ƙirƙiro shi a Faris a 1816. Shi kuwa sautin da ake saurara a gwiwar hannu lokacin awon jini, likitan tiyata ne na sojan Rasha, Nikolai Korotkov, ya bayyana shi a 1905 bayan ya yi aiki kan sojojin da suka ji rauni a jijiya a yaƙin Rasha da Japan. Ita ma Florence Nightingale da ta isa asibitin sojan Ingila a Scutari, a Turkiyya, a watan Nuwamba na 1854 da mata 38, abin da ta fi nacewa a kai daga baya wurin koyar da nas shi ne lura, a san me za a kalla kuma a san yadda za a kalle shi. Wato wannan gadon gidan soja ne, bai kamata a ce a nan ne ya fi lalacewa ba.

Bari in zo kan fagen fama ɗin kansa. Bayan faɗan Mogadishu na 1993 sojojin Amurka sun sake tunani kan yadda ake kula da mai rauni kafin a kai asibiti, a 1996 aka fitar da tsarin da ake kira TCCC, wanda yanzu ƙasashe da yawa ke bi. A tsarin ba a fara da hanyar iska kamar a asibitin gari, ana fara da zubar jini mai yawa, sannan hanyar iska, numfashi, zagayen jini, sai sanyi da raunin kai. Dalili a fili yake. Wani bincike da Eastridge da abokan aikinsa suka fitar a 2012 ya duba mutuwar sojoji 4,596 a Iraƙi da Afganistan daga 2001 zuwa 2011, kusan kashi 87 sun rasu kafin su isa asibiti, cikin waɗannan kusan kashi 24 ana ganin da za a iya ceto su, kuma kusan kashi 91 na waɗanda za a iya cetowa ɗin jini ne ya kashe su. Amma ga wurin da nake so a lura, mafi yawan wannan jinin ba a hannu ko ƙafa ya zuba ba inda za a ɗaura tonike, wato ɗaurin da ke matse gaɓa ya tsaida jini, a huta, kusan kashi 67 a gangar jiki ne, ƙirji da ciki da ƙugu, sai kusan kashi 19 a mahaɗa irin su hammata da matsematsi da wuya. Jinin da ba ka gani, ko wanda ke ɓoye ƙarƙashin rigar sulke da kaki mai duhu da ke shanye shi. Ba abin da zai nuna maka shi sai ka cire kaya, ka sa safar hannu ka bi jikin nan da tafin hannu lungu lungu kana duba safar ko ta jiƙe, ka ɗaga hannu ka duba hammata, ka duba tsakanin cinyoyi da ɗuwawu, ka juya shi ka duba gadon baya. Ramin harsashi ko ɓaraguzan bam yana iya zama ƙarami ƙwarai, kuma inda ya shiga ba ya gaya maka inda ya tsaya. Rashin juya majinyaci a duba bayansa kuskure ne da ake ta maimaitawa, ba don ba a sani ba, sai don sauri da tsoro da duhu. Kuma in ka gama ka rufe shi nan take, domin wanda ya zubar da jini yana yin sanyi ko a ƙasa mai zafi, sanyin kuma na hana jini daskarewa.

Ƙirji shi ne inda na fi ganin bambanci tsakanin abin da aka haddace da abin da aka iya. In huhu ya huje iska na taruwa a cikin ƙirji tana danne huhun da zuciya, mutum na iya mutuwa cikin mintuna, maganin gaggawa kuma doguwar allura ce a soka tsakanin haƙarƙari, ko a tsakani na 2 ta gaba ko a na 5 ta gefen hammata. Ka tambayi ɗalibi alamunsa zai ce maƙogwaro zai karkace gefe, jijiyoyin wuya za su kumbura. Haka ne a littafi. Amma karkacewar maƙogwaro alama ce ta ƙarshe ƙarshe, kuma wanda ya zubar da jini da yawa jijiyar wuyansa ba za ta kumbura ba tunda ba jinin da zai cika ta. Abin da za ka kama da wuri shi ne mai rauni a ƙirji numfashinsa na ƙara wuya da sauri, ɓangare ɗaya ba ya ɗagawa kamar ɗayan, wani lokaci ka ji iska na ƙaras ƙaras ƙarƙashin fata in ka danna. To ƙirga haƙarƙari fa? A jikin mutum mai ƙiba ko mai tsoka, cikin duhu, hannunka na rawa, ba abu ne da ake koya daga allo ba, sai wanda yatsunsa suka saba bin ƙirjin mutane iri iri. Ga shi cikin helikwafta ko motar sulke ƙarar inji ba za ta bar ka ka ji komai da abin sauraro ba, dole tafin hannunka biyu a kan ƙirji su zama kunnenka. Da dare kuma ba koyaushe ake yarda ka kunna farar tocila ba, jan haske kuwa yana ɓoye jini.

Duk wannan na mintunan farko ne, kuma a nan yawancin tirenin ke tsayawa. Ni kuwa a ganina aikin nas na gaske bayan nan yake farawa. A 2009 sakataren tsaron Amurka Robert Gates ya ba da umarnin a riƙa kai mai mummunan rauni wurin tiyata cikin minti 60 a Afganistan, kuma sun iya ne saboda suna da jirage kuma sararin sama nasu ne. Yawancin rundunonin duniya ba su da wannan gatan, su ma masu shi yanzu suna shirin yaƙin da jirgi ba zai iya zuwa ba. Wato majinyaci zai zauna a hannunka awa shida, ko kwana guda, ko fiye. A nan duba jiki sau ɗaya ba shi da wani amfani sosai, abin da ke magana shi ne canjin da ke tsakanin dubawa ta farko da ta biyu da ta biyar. Wanda bam ya tashi kusa da shi ya miƙe yana magana garau, bayan awa biyu ya fara amai, ya fara gyangyaɗi, ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya faɗi, wannan jini ne ke taruwa a cikin kai. Ma'aunin Glasgow na auna yadda mutum yake cikin hayyacinsa, wanda likitoci Teasdale da Jennett suka fitar a 1974, daga 3 zuwa 15, amfaninsa ba a lamba ɗaya yake ba, a saukar lambar yake, kuma sai in kowa na auna shi iri ɗaya yana rubutawa da lokaci. Haka ƙafar da ta karye ko aka danne ta, tsoka na kumbura a cikin jakarta har ta toshe wa kanta jini, alamar farko ciwo ne da ya wuce misalin raunin, maganin ciwo ba ya taɓa shi, in ka miƙar da yatsun ƙafar sai ya yi ihu. Wanda ke jiran bugun jijiyar ƙafar ya ɓace kafin ya damu, to ya jira har ƙafar ta tafi. Fitsari nawa ya yi, cikin ya ƙara tauri ko bai ƙara ba, toniken ƙarfe nawa aka ɗaura shi kuma har yanzu yana riƙe? Waɗannan tambayoyin nas ne, ita ce ke zaune da mutum lokacin da kowa ya koma bakin aiki.

Akwai abu ɗaya da in aka ce in zaɓa a gyara gobe shi zan zaɓa, ƙirga numfashi. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma sau da yawa numfashi ne ke fara canzawa kafin bugun zuciya da awon jini, ko jini ne ke zuba ko ƙwayar cuta ce ta shiga jini ko huhu ne. Amma ka buɗe takardun jinya da yawa za ka ga 18, 18, 20, 18 tun daga sama har ƙasa, ba wanda ya ƙirga, an dai cike gurbi. Ba ya bukatar inji, agogo ne da minti ɗaya cikakke, ka yi kamar kana jin bugun hannunsa don kada ya gane ya canza numfashin. Minti ɗaya fa.

Kada kuma a ɗauka aikin duka harbi ne da bam. A tarihin yaƙe-yaƙe cuta da raunin da ba na faɗa ba sun sha kwantar da sojoji fiye da makamin abokan gaba, kuma ranakun nas ɗin soja yawanci a nan suke ƙarewa. Kurtu da ke kukan ciwon ƙwauri bayan makonni na gudu da kaya, in ka bi ƙashin da yatsa ka sami wuri ɗaya tak da ya yi tsalle, tsagewar ƙashi ce ta gajiya, kuma hoton farko sau da yawa ba ya nuna ta, in aka mayar da shi gudu sai ta karye gaba ɗaya. Mai targaɗen idon sawu, akwai ƙa'idar Ottawa tun 1992 da ke gaya maka wuraren da za ka danna da ko zai iya taka taku huɗu, da ita za ka san wa ke bukatar hoto wa zai iya zama, abin da ke da muhimmanci in hoton yana nufin a fitar da mota da masu rakiya kan hanya mai haɗari. Wanda ya faɗi a atisaye cikin rana, bambancin gajiyar zafi da bugun zafi mai kisa yana cikin hankalinsa, in ya ruɗe ko yana surutai ko ya zama mai faɗa haka kawai kuma zafin cikin jikinsa ya haura 40, a fara sanyaya shi nan take kafin a yi maganar mota, kuma kada a ruɗu da cewa ai yana gumi, mai bugun zafi na atisaye yana iya jiƙewa sharkaf. Ga mai zazzaɓi da ciwon kai a ɗakin kwanan da mutum hamsin ke ciki, dole a gwada wuyansa a duba fatarsa don sanƙarau. Ga ciwon ciki da ya fara a cibiya ya koma ƙasan dama. Ciki ma yana da nasa tsari, a kalla, a saurara, sannan a taɓa, kuma a fara taɓawa daga nesa da inda ke ciwo. Ƙafafu kuwa a sa a cire but da safa a duba, kullum.

Sai wata matsala da ba a rubuta ta a manhaja amma kowa ya san ta, wato muƙami da kunya. Ƙaramar nas ta ce wa babban hafsa ranka ya daɗe a cire riga a kwanta, ba kowa ke iyawa ba, sai a saurari ƙirji ta saman kaki a ce an duba. Haka namiji da zai duba soja mace, ko mace da za ta duba matsematsin namiji, sai a tsallake wurin. Maganin wannan a koya wa mutum yadda zai nemi izini da ladabi, ya faɗi abin da zai yi da dalilinsa, ya sa labule, ya kira wani ya tsaya a matsayin shaida, ya buɗe wurin da zai duba kawai ya rufe saura. Su ma manyan su sani a ɗakin jinya majinyata ne. Kuma in ƙaramar nas ta ɗauki rediyo ta ce wannan sai an fitar da shi yau, abin da zai sa a saurare ta shi ne ta iya faɗin abin da ta gani dalla dalla, me ya same shi, wane rauni, bugun zuciya nawa ne awa ɗaya da ta wuce nawa ne yanzu, me aka yi masa. "Jikinsa dai bai yi min ba" gaskiya ce sau da yawa, amma ba ta tada jirgi.

To yaya za a yi da tirenin? Abin da na fi ƙi shi ne kos na mako ɗaya kafin tafiya, a cika aji a nuna hotuna a bango, a raba satifiket, a ce an shirya. Hannu ba ya koyo haka. Nas ɗin da ke bariki tana da abin da ɗalibin makaranta ba shi da shi, ɗaruruwan matasa masu lafiya da ke zuwa gwajin lafiya na shekara shekara da na shiga aiki, kowanne dama ce ta saurari huhu mai lafiya, ta taɓa ciki mai lafiya, ta ƙirga haƙarƙari, ta haska ido, har jikinta ya san yadda daidai yake, domin wanda bai ƙoshi da ganin daidai ba ba ya gane karkatacce. Amma sai an ba ta lokaci, in an ce a gama mutum ɗari kafin azahar sa hannu kawai za a yi. Sannan a riƙa tura su lokaci lokaci zuwa sashen gaggawa da ɗakin masu tsananin ciwo na manyan asibitocin farar hula, domin lokacin zaman lafiya asibitin soja ba ya ganin raunuka da yawa kuma hannu na yin sanyi, wasu ƙasashe kamar Ingila ma'aikatan jinyar sojansu a asibitocin gwamnati suke aikin yau da kullum saboda wannan dalilin. Jarrabawa kuma ta zama ta yi a gani, irin tsarin OSCE da Ronald Harden ya bayyana a 1975 a Dundee, inda kake zagaya tasha tasha ana kallon hannunka, ba a takarda ba. Ni zan ƙara da cewa a fitar da tashoshin waje, a ƙasa, da dare, da sulke a jiki da safar hannu, janareto na ruri, bayan an sa mutum ya yi gudu, kuma a maimaita duk bayan 'yan watanni. A bar majinyacin wasan ya canza a hankali cikin awanni don a ga wa zai koma ya sake dubawa ba tare da an tuna masa ba.

Wasu za su ce ai yanzu akwai ƙaramin injin sikanin da ake haɗawa da waya, yana nuna jini a ciki da iska a ƙirji. Ina murna da shi ƙwarai kuma ina so a koya wa nas-nas na soja amfani da shi. Amma shi ma hannu ne ke riƙe shi, sai ka san inda hanta take da inda saifa take kafin ka san inda za ka ɗora shi, kuma sai wani abu a jikin majinyacin ya sa ka zargi kafin ka ciro shi daga jaka. Ga caji, ga ƙura, ga zafi da ke kashe shi.

Wanda ya fi kowa iya gyara wannan ba mai rubuta manhaja ba ne, babbar nas ce da ke kan ɗaki. In ita da kanta tana zagayen safe tana ɗaga bargo, tana kama hannun ƙaramar ta ɗora a cikin majinyaci ta ce ji nan, yanzu ji can, me kika ji, to ƙananan za su tashi da shi. In kuma tana karɓar rahoto daga kan tebur tana duba lambobi kawai, su ma haka za su yi. Don haka in za a kashe kuɗi a wuri ɗaya, a fara da saje-saje da manyan nas da ke koyar da na ƙasa, a rage musu aikin takarda, a ba su lokacin tsayawa bakin gado, kuma a sa duba jikin da suke koyarwa cikin abin da ake auna su da shi lokacin ƙarin girma.